Tallan da ke tayar da ƙura ko wanda ke kwana a kunne: wanne za ka zuba wa kuɗinka?

Cikin mako guda mutum biyu suka zo mini da tambaya iri ɗaya, kuma ba su san juna ba. Ta farko gwaggona ce, wadda ta shekara tara tana haɗa garin kunun gyaɗa da yajin daddawa a tsakar gida. Yanzu ta samu lambar NAFDAC, ta sayi injin liƙe leda, tana so kayanta su ƙetare unguwa. Na biyun wani matashi ne, sakataren wata ƙaramar gidauniya da ke biya wa marasa ƙarfi kuɗin magani, kuma suna son fara jan hankalin mata masu juna biyu su riƙa zuwa awo. Kowannensu ya ware ɗan kuɗin talla wanda ba zai isa a yi komai da komai ba. Kowannensu kuma ya zaro waya ya nuna mini wani bidiyo da ya zagaye duniya, ya ce irin wannan yake so.

Na daɗe ina rubuta tallan rediyo, na kuma sha fassara na wasu, don haka na san wannan kwaɗayin. Amsar da na ba su ce zan shimfiɗa a nan, domin duk mai ƙaramar sana'a ko ƙungiyar taimako sai ya tsaya a wannan mararraba. Hanya ɗaya ita ce talla guda mai wayo, mai ban dariya ko girgiza zuciya, wanda zai sa gari ya ɗauka kwana uku. Ɗayar kuma murya ce da ba ta da armashi sosai, amma tana dawowa kullum, a sa'a ɗaya, daga bakin wanda aka sani, har ta zama 'yar gida. Abin da ke raba gardama a tsakaninsu, a ganina, shi ne girman abin da kake roƙon mai sauraro ya ba ka. Gwaggo tana roƙon naira ɗari biyu da ɗanɗanon harshe. Matashin nan yana roƙon miji ya bar matarsa ta fita, ta je wata baƙuwa ta duba mata ciki.

Masu tayar da ƙura

Bari in ba wannan hanya haƙƙinta tukuna, don idan ta ci tana ci da kyau. A watan Afrilu na 2013 aka fara ba masu waya a Najeriya damar sauya kamfani ba tare da sun rasa lambarsu ba. Ɗan wasan barkwancin nan Hafiz Oyetoro, wanda aka fi sani da Saka, fuskar tallan Etisalat ne a lokacin. Kwatsam sai ga shi a talabijin ya ba da baya cikin koren haske, launin Etisalat, da haske ya sauya ya juyo sai ga shi sanye da ruwan ɗorawar MTN yana rawa yana shelar ya yi ƙaura. Ba a yi wani dogon bayani ba. Mutumin da kansa shi ne saƙon. Ko wanda bai taɓa jin labarin sabuwar dokar ba, a daren nan ya fahimce ta.

A ɓangaren ƙungiyoyin agaji, misalin da ake yawan kawowa na Afirka ta Kudu ne. A ƙarshen Fabrairun 2015 duniya ta rabu biyu a kan hoton wata riga: wasu na ganinta fara da ruwan zinare, wasu baƙa da shuɗi. Cikin 'yan kwanaki reshen Salvation Army na ƙasar ya fitar da hoton wata mata sanye da rigar mai fari da zinare, jikinta duk tabon duka, aka rubuta tambaya: me ya sa ganin baƙi da shuɗi yake wuya? A Turanci da waɗannan launuka biyu ake siffanta jikin da ya sha duka. Kusan ba su kashe komai ba, amma jaridun duniya suka ɗauka, aka kwana ana maganar dukan mata a gidajen aure. Sai dai ka lura da abu guda: in ka juya wannan tambaya zuwa Hausa, ta mutu. Wayon yana cikin harshen da aka haife shi.

Haka Coca-Cola ta yi lokacin da ta kawo tsarin buga sunayen mutane a jikin kwalba, wanda ta fara a Ostareliya a 2011 ya iso Najeriya a 2015. Mutane suka riƙa tonon firij a shago suna neman sunansu ko na budurwa.

Duka ukun nan suna da abin da gwaggona ba ta da shi. An riga an san su. Wanda ya ga Saka ya yi dariya, washegari akwai shagon MTN a bakin titinsu. Wanda ya nemi sunansa a kwalba, kwalbar tana kowane lungu. Biyu daga cikinsu kuma sun hau kan zancen da mutane ke yi ne a ranar, ba su suka ƙirƙiro shi ba, kuma irin wannan dama ba a yin odarta. In bidiyon garin kunu ya kai mutum miliyan guda alhali garin yana shago huɗu kacal a Kano, ka tara wa kanka masu tambaya ne da za ka ba haƙuri, kuma wanda aka ba haƙuri sau ɗaya ba kasafai yake dawowa ba.

Sannan ƙurar tana iya komawa idon mai tayar da ita. Kamfanin gasasshen kaza na Nando's ya yi suna a Afirka ta Kudu wajen tsokanar 'yan siyasa. A 2011 ya fitar da wani talla da ke nuna mai kama da Robert Mugabe zaune shi kaɗai a teburin cin abinci yana kewar su Gaddafi da Saddam da Idi Amin. An yi dariya, amma da aka fara yi wa ma'aikatansa barazana a Zimbabuwe sai ya janye. A nan gida, bankin Sterling a Istan 2022 ya kwatanta tashin Almasihu da kumburin burodin Agege, madarar Peak kuma a Istan 2023 ta fitar da hoton gwangwanin da aka lotsa aka huda da ƙusa. Dukansu sai da suka nemi gafarar Kiristoci. Nivea ta sha suka a 2017 a Ghana da Najeriya saboda tallan man da ke alƙawarin hasken fata. MTN ɗin ma da ta ci riba da Saka, shekaru kafin nan ta sha caccaka daga ƙungiyoyin mata a kan tallan da wani ya bugo wa mahaifiyarsa waya a ƙauye yana albishir an haifi namiji, gari ya ɓarke da murna, kamar da mace ce ba za a yi ba. Waɗannan manyan kamfanoni ne masu lauyoyi da kuɗin wanke suna. Kai da ke sana'a a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda magana ɗaya a huɗubar Juma'a ta isa ta rufe shago, raha da addini ko da mutuncin mata ba gonarka ba ce.

Darasin da ya fi shafar masu gidauniya shi ne na Kony 2012. Wata ƙungiyar Amurka mai suna Invisible Children ta fitar da bidiyon rabin awa a watan Maris na 2012 a kan Joseph Kony, madugun 'yan tawayen arewacin Yuganda. Cikin kwana shida an kalle shi sau miliyan 100. Amma da aka haska shi a garin Lira, a gaban mutanen da yaƙin ya ci 'ya'yansu, taron da jifa ya watse. Sun ga an mayar da masifarsu labarin wani Bature da ɗansa, ga shi Kony ya bar Yuganda tun shekaru kafin nan. Bidiyon ya burge kowa ban da waɗanda aka yi shi dominsu.

Masu kwana a kunne

Ka saurari yadda muke magana a kasuwa. Kowane garin wanki omo ne, kowane ɗanɗanon miya magi ne, kowane man goge baki makilin ne, ko da wani kamfani ne ya yi shi. Babu wanda zai iya nuna maka talla guda da ya jawo haka. Shekaru ne na ganin kayan a kan teburin mai shago, da jin sunan a rediyo safe da yamma, har sunan kamfani ya cinye sunan abin.

Cowbell ta shigo Najeriya a 1993, lokacin da madarar gari ta gwangwani ta fi ƙarfin talaka. Dabarar da ta yi ba a allon talla take ba, a leda take: ta ƙulla madarar a 'yan ƙananan ƙunshi da mai shayi zai iya yagawa ya zuba a kofi ɗaya, uwa kuma ta saya wa yaro da canjin cefane. Daga baya ta ɗora da gasar lissafi ta 'yan sakandare, wadda ta sa sunanta ya shiga makarantu ta ƙofar da iyaye ke so. Manyan kamfanonin da suka raina ledar, ƙarshe su ma suka koma ƙullawa.

A Kenya, da Safaricom, kamfanin waya, ta ƙaddamar da M-Pesa, hanyar tura kuɗi ta waya, a watan Maris na 2007, tana iya cika mutane da bayanin fasaha. Ba ta yi ba. Saƙon kalma uku ne, tura kuɗi gida, da hoton wani ma'aikaci a birni yana danna waya, takardun kuɗi na tashi suna sauka wajen iyayensa a ƙauye. Duk ɗan ci-rani ya san wannan damuwa, ya san direban motar da ake ba saƙo ya ce ya ɓata. Abin da ya riƙe tallan kuwa shi ne wakilan da aka baza a kowane ƙauye, inda tsohuwa za ta je ta karɓi kuɗinta a hannu. Bayan shekara huɗu, da fari ya afka wa arewacin ƙasar a 2011, gangamin Kenyans for Kenya ya bi ta wannan hanyar da mutane suka riga suka yarda da ita, ana ba da ko shilin 10 ne ta waya, aka tara sama da shilin miliyan 600 cikin 'yan makonni. Amanar da aka shekara huɗu ana ginawa ita aka ci moriyarta a wata ɗaya.

Amma mu ba sai mun je Kenya ba. Babbar makarantar wannan fanni a ƙasar Hausa ita ce rigakafin shan inna, kuma na ce wa matashin nan ya zauna ya karance ta kafin ya kashe ko sisi. A 2003 jita-jita ta bazu cewa allurar tana hana haihuwa, Kano ta dakatar da rigakafin, ba a dawo ba sai Yulin 2004, bayan an kawo maganin daga Indonesiya. A tsakanin nan cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20. Tsoron mutane kuma ba daga sama ya faɗo ba: a 1996, lokacin annobar sanƙarau, an yi gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer a Kano, cikin yara kimanin 200 da aka sa a gwajin 11 suka rasu, aka shekara da shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Me ya juya lamarin? An buga fastoci, an yi waƙoƙi, amma ba su ne suka buɗe ƙofofin gidaje ba. Sarakuna ne suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi, saƙo ya riƙa gangarowa daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa, masu shuɗin hijabin nan, waɗanda suka san wace ce ta haihu jiya, suna zuwa barka da suna. Waɗanda cutar ta naƙasa suka riƙa zagayawa a kan kekunansu suna cewa iyaye su dube su. Aka farfaɗo da majigi, ana kafa farin ƙyalle a dandali bayan isha. Da mutane suka ce kullum shan inna, ga zazzaɓi na kashe yara ba a kawo komai ba, sai aka fara haɗawa da sabulu da gidan sauro da duba marasa lafiya. An ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta kama a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Shekara goma sha bakwai ke nan daga ƙauracewar Kano. Babu wani bidiyo, komai wayonsa, da zai gajarta wannan tafiya zuwa mako guda.

Wasan kwaikwayo ma yana cikin wannan layi, kuma shi ne wanda aka fi samun hujjar aikinsa. Shirin MTV Shuga ya fara a Kenya a 2009, ya dawo Najeriya a 2013. Wani bincike da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi a kudu maso yammacin Najeriya, wanda masanin tattalin arziki Abhijit Banerjee na cikin waɗanda suka yi shi, ya gano matasan da suka kalli shirin sun kusan ninka sauran wajen zuwa gwajin cutar ƙanjamau bayan wasu watanni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mutum ba ya son a yi masa wa'azi a kan abin kunya, amma zai bi labarin wata yarinya mako-mako har ya ga kansa a ciki. Ƙungiyoyi irin su BBC Media Action sun daɗe suna yin haka da Hausa a rediyo. Illarsa ɗaya ce, tsada: marubuta, 'yan wasa, kuɗin iska na wata da watanni. Ƙaramar gidauniya ba za ta iya ba, sai dai ta yi ƙaninsa, wato shirin kira kai tsaye na rabin awa.

Kalma ɗaya ma tana iya zama dukan dabarar. Shekaru aka yi ana cewa ƙayyade iyali, magidanta suna kashe rediyo, don wa ya isa ya ƙayyade abin da Allah ke bayarwa? Da aka koma cewa tazarar haihuwa, aka jingina ta da hutun uwa da shayarwar shekara biyu da kowa ya sani a addini, sai ga malamai a cikin shirin suna amsa tambaya.

Wannan ya tuna mini wani aiki da aka taɓa aiko mini daga Legas, tallan wani ɗanɗanon miya, an rubuta da Turanci aka ce in mayar Hausa kalma da kalma. A ciki amarya ce ke ɗanɗana miyar uwar mijinta, ta yamutsa fuska, ta kira mijin da sunansa ta ce ya gaya wa babarsa ta sauya abin da take sakawa. Na buga musu waya na ce in aka saki wannan a Kano, matan da kuke nema su ne za su fara tsine wa yarinyar. Muka juya shi: surukar ce ta ɗanɗana miyar amarya, ta yi shiru, can ta ce, "'Yar nan, wa ya koya miki?" Amarya ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, a wajenki na gani." Sai da aka kai ruwa rana kafin su yarda, don a ganinsu an cire barkwancin.

Tauraro da hoton tausayi

Akwai gajerun hanyoyi biyu da kowa ke tambaya, kuma kowace tana iya shiga ɗaya daga cikin manyan hanyoyin can.

Ta farko fuskar shahararre. Kamfanonin waya sun daɗe suna yi, Glo ta ɗauki su Ali Nuhu da Sani Danja don ta shiga Arewa. Ga kamfani mai kuɗi da ke neman a ce shi ma ɗan gida ne, wannan ciniki ne mai kyau. Ga mai ƙaramin jari, kuɗin tauraro ɗaya zai cinye na rediyon wata uku, ga shi gobe za ka gan shi yana tallan kayan abokin gasarka, jibi kuma hukumar tace finafinai ta dakatar da shi, sunanka na manne da nasa. Mutane sun waye, sun san biya aka yi. Inda tauraro ke da nauyi na gaske shi ne inda ciwon nasa ne. Nwankwo Kanu an yi masa aikin zuciya a Amurka a 1996, ya dawo ya ci gaba da buga ƙwallo, ya kafa gidauniyar masu ciwon zuciya a 2000. In ya yi maganar yaro mai ramin zuciya, babu mai tambayar nawa aka ba shi. Saboda haka na ce wa matashin, in za ku nemi sananne, ku nemi wadda ta taɓa rasa ciki ko ta sha wuyar haihuwa kuma ta yarda ta faɗa da bakinta. In babu, ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa ta fi muku kowace jaruma.

Ta biyu ita ce hoton mara lafiya. A nan sai da muka ɗan yi musu.

"Malam, wallahi shi ne ke kawo kuɗi," in ji shi. "Ranar da muka saka hoton yaro a gadon asibiti, kafin magariba an haɗa. Ranar da muka yi rubutu kawai, ko rabi ba a samu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban musa ba. Tun daga yunwar Habasha ta 1984 da gangamin mawaƙa na Live Aid da aka yi don tara tallafi a 1985, ƙungiyoyin Turai suka gano cewa yaro mai ƙudaje a fuska yana buɗe aljihu. Amma sun gano kuɗin da ake biya daga baya. A 2012 wata ƙungiyar ɗaliban Norway ta yi musu shaguɓe da bidiyon Radi-Aid, inda 'yan Afirka ke tara na'urar ɗumama ɗaki don ceto mutanen Norway daga sanyi, don Turawa su ji yadda abin yake in an taƙaita ƙasarka a kan masifarta. A 2020 ƙungiyar agaji ta Comic Relief ta Birtaniya ta ce ta daina tura taurari Afirka su ɗauki hoto da yara marasa lafiya. Mu a nan matsalar ta fi kusa da jiki. Yaron da ka saka a Facebook, maƙwabtansa na gani, kuma hoton zai rayu har ya girma ya je neman aure. Mu ne muke roƙon Allah ya rufa mana asiri, bai kamata taimako ya zo da tonon asiri ba. Ban da haka, 'yan damfara sun gane hanyar, suna kwashe hotunan su sauya lambar asusu, har mai niyyar bayarwa ya fara ɗari-ɗari. Kuma ido yana sabawa, hoton da ya sa mutum kuka a Muharram, kafin Rajab wucewa yake yi.

Abin da na ga yana ɗorewa shi ne a juya kyamarar. A nuna rasiɗin asibiti an rufe suna, a nuna jimillar abin da ya shigo da abin da ya fita duk ƙarshen wata, a nuna wanda ya warke yana tafiya da ƙafarsa in shi da iyayensa sun yarda. Kuɗin ranar farko ba zai kai na hoton tausayi ba. Amma mai bayarwa da ya ga inda naira dubunsa ta shiga, shi ne zai neme ku da kansa in azumi ya zo yana lissafin zakka.

Rediyo ko waya

Wannan ba ya buƙatar dogon zance. Rediyo tsohon ɗan gida ne: Sashen Hausa na BBC tun 1957, Rediyon Kaduna tun 1962, Freedom ta buɗe a Kano a 2003 ta share wa tashoshi masu zaman kansu hanya a Arewa. Yana shiga ɗakin matar da ba ta fita, da gonar da babu intanet, kuma ba ya tambayar ko ka iya karatu. Amma ba ya nuna kaya, ba ya kuma gaya maka wa ya ji. Waya tana nunawa, tana ƙirgawa, tana karɓar oda nan take, shi ya sa masu turaren wuta da atamfa suka koma TikTok da Instagram. Sai dai yawan masu kallo ba shi ne yawan masu saye ba. Dabarar da nake ba kowa mai arha ce: ka sa lambar waya daban a kowace kafa, duk wanda ya kira kuma a tambaye shi a ina ya ji. Bayan wata guda littafinka zai gaya maka gaskiyar da mai sayar maka da fili ba zai faɗa ba. Kada kuma a raina saƙon murya na WhatsApp, shi ne rediyon da mutane ke tura wa juna da hannunsu.

Kowace ka zaɓa, akwai hukuma a gaba. Tun 2022 ARCON ta maye gurbin APCON a matsayin hukumar kula da tallace-tallace, doka ta ce a kai talla a tantance kafin a sake shi, kuma daga 1 ga Oktoban shekarar ta hana amfani da fuska ko muryar 'yan ƙasar waje a tallan da ake yi wa 'yan Najeriya. Abinci da magani kuma sai da amincewar NAFDAC. Wannan na jaddada wa Gwaggo, don na san halinta, tana iya cewa kununta na maganin olsa.

Abin da na ce wa kowannensu

Tallan tayar da ƙura ya dace da kai in an riga an san sunanka, kayanka na ko'ina, akwai wani abu sabo na gaske da kake son a sani a rana ɗaya, kuma kana da dattijo a kusa wanda zai kalla kafin a saki ya ce maka a'a. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya faɗi, ka bar shi. Su biyun nan babu wanda ya cika ko uku.

Matashin na ce ya raba kuɗinsa gida biyu, don aiki biyu yake yi yana zaton ɗaya ne. Masu ba da kuɗi suna birni, suna kan waya, su rasiɗi da lissafi za a riƙa nuna musu, a ƙara ƙaimi daga Sha'aban. Masu zuwa awo kuwa ba su ne ke yanke hukunci su kaɗai ba, akwai miji da uwar miji. Su shirin rediyo na mako-mako za a yi musu, ma'aikaciyar jinya da malami a zaune tare suna amsa kira, sannan a bi majalisun maza da yamma ta hannun mai unguwa. Na gargaɗe shi cewa wata shidan farko ba zai ga abin da zai saka a Facebook ya yi alfahari ba. Ya ce zai kai wa shugabanninsa, amma daga yadda ya mayar da wayar aljihu na san bidiyon nan bai fita ransa ba.

Gwaggo kuwa na ce ta bi sawun Cowbell. Kaso mafi girma ya tafi kan ƙananan ƙunshi na ɗanɗano, a raba a Islamiyyun matan aure da gidajen suna, inda mai jego ke shan kunu dama. A tabbatar kayan sun shiga shaguna ko da talatin ne kafin a yi shela. Sannan gajeriyar waƙa, wadda ba ta wuce sunan kayan da inda ake samu ba, a tasha ɗaya, cikin shirin mata na hantsi, kullum har wata uku ba tare da an sauya ta ba. A waya kuma kada ta yi hayar kowa, 'yarta ta riƙa ɗaukar hannuwanta tana suyar gyaɗa tana tankaɗe, mutane su ga tsabtar wurin.

Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Kai ɗan nan, wato duk karatun naka, tallar da muke ɗora wa yara a kai ita ce dai ka dawo mini da ita?"

Na ce, "Ita ce, Gwaggo, sai dai wannan farantin ya fi faɗi."

Ta yi tsaki, ta ce a rage kuɗin rediyon zuwa wata biyu, ragowar za ta ƙara gyaɗa buhu ɗaya tun kafin ta yi tsada. Ranar Talata za mu shiga ɗakin ɗaukar murya, kuma ta kafe a kan ita za ta rera waƙar da kanta.